FIZA DA ABIN DA KE CIKINTA

1. Asalin Fiza

A kudancin ƙasar Italiya akwai wani babban birni a bakin teku, sunansa Napoli. Shekaru ɗari biyu da suka wuce birnin nan cike yake da talakawa, masunta da 'yan dako da leburori, waɗanda ke fita nema tun da asuba, ba su komowa sai dare. Da yawansu ɗaki guda suke kwana da iyalinsu duka, ba madafi, ba kuɗin sayen nama. Saboda haka suna bukatar abinci mai araha, wanda za su saya a bakin hanya su ci a tsaye. Abincin nan shi ne fiza.

Fiza wata irin gurasa ce mai faɗi, kewayayya kamar faifai. Akan kwaɓa garin alkama da ruwa da gishiri da yisti, a ajiye har ya tashi. Sa'an nan a buɗa kwaɓin da hannu, a shafa masa niƙaƙƙen tumatir a bisa, a zuba ɗan man zaitun, a sa cikin tanderu mai tsananin zafi. Tanderun mutanen Napoli da itace ake hura shi, zafinsa yakan kai digiri 485, don haka cikin minti ɗaya da rabi fiza ta gasu. A zamanin da, yara ne ke ɗaukar ta a ka cikin wani mazubi na ƙarfe mai murfi, suna talla unguwa unguwa.

Tumatir kuwa ba asalin Italiya ba ne. Daga ƙasashen Amurka aka kai shi Turai bayan tafiyar Kolumbus ta shekarar 1492, Turawa suka daɗe suna tsoron cinsa, suna zato guba ne. Talakawan kudancin Italiya suna cikin waɗanda suka fara sakin jiki da shi.

Ana ba da labari cewa a shekarar 1889 Sarauniya Margherita ta Italiya ta ziyarci Napoli, wani mai gasa fiza, Raffaele Esposito, ya yi mata wata irin fiza mai launi uku: jan tumatir, da farin cuku, da koren wani ganye mai ƙamshi dangin ɗoɗɗoya. Launukan tutar Italiya ke nan. Har yau sunan sarauniyar ake kiran irin wannan fiza da shi. A shekarar 2017 hukumar UNESCO ta sa gwanintar masu gasa fiza na Napoli cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

2. Fiza ta Cikin Kwali

Tsakanin 1880 da 1920 mutanen Italiya wajen miliyan 4 suka yi ƙaura zuwa Amurka neman aiki, suka tafi da abincinsu. Da fari su kaɗai ke cin fiza a unguwanninsu na New York da sauran birane. Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 sai sauran mutanen ƙasar suka yi ta cinta. A 1958 aka buɗe kantin Pizza Hut na farko a jihar Kansas, a 1960 kuma aka fara kantin da ya zama Domino's a jihar Michigan. Sannu a hankali aka saba da sayen fiza cikin kwali a tafi da ita gida, ko a yi waya a kawo wa mutum har ƙofa. Yau akwai irin waɗannan kantuna a ƙasashe masu yawa, har da manyan biranen Nijeriya kamar Legas da Abuja da Kano.

Amma fizar da ta ƙetare teku ta sake kama. Ta Napoli siririya ce, kayan da ke bisanta kaɗan ne. Ta cikin kwali kuwa ta fi girma, ta fi kauri, cukunta ya fi yawa, ga kuma kaya iri iri da ake jibga mata: nama, da kaza, da kifi, da albasa, da tattasai, da zaitun. A 1962 wani mai gidan abinci a ƙasar Kanada har abarba ya ɗora mata, mutane kuma suka karɓa. Irin wannan mai tarkacen kaya ita ake kira fiza mai haɗi.

To, abinci mai daɗi ne, ba shakka. Amma daɗin baki dabam, amfanin jiki dabam. Kafin a san ko fiza mai haɗi tana da amfani, sai a fara sanin abin da jiki ke nema daga abinci.

3. Ayyuka Uku na Abinci

Abinci yana yi wa jiki aiki uku.

Na farko, yana ba da ƙarfi. Yadda mota ba ta tafiya sai da mai, haka jiki ba ya motsi sai da abinci. Ko mutum yana barci zuciyarsa tana bugawa, huhunsa yana numfashi, duk kuwa da ƙarfin abinci suke yi. Abubuwan da suka fi ba da ƙarfi su ne sitaci da sukari da maiƙo. Sitaci yana cikin hatsi, kamar gero da dawa da shinkafa da alkama. Maiƙo kuwa shi ne man gyaɗa da man ja da man shanu da kitse.

Na biyu, abinci yana gina jiki. Yaro kullum girma yake yi, in ya ji rauni kuma sabuwar fata ke fitowa. Abin da ke wannan gini sunansa furotin, yana cikin nama da kifi da ƙwai da madara da wake da gyaɗa.

Na uku, abinci yana tsare jiki daga cuta. Masu wannan aiki su ne bitamin da ma'adinai, irin su kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da haƙori, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Kaɗan jiki ke bukata daga cikinsu, amma in ya rasa sai ciwo ya shigo. Wanda ya rasa bitamin A yakan kamu da dundumi, ba ya gani sosai da dare. Wanda ya rasa bitamin C dasashinsa yakan riƙa zubar da jini.

Yadda ake auna hatsi da mudu, a auna yadi da kamu, haka masana ke auna ƙarfin da ke cikin abinci da wani ma'auni da ake kira kalori. Giram 1 na sitaci yana ba da kalori 4. Giram 1 na furotin shi ma kalori 4. Amma giram 1 na maiƙo kalori 9 yake bayarwa, watau fiye da ninki biyu. A riƙe wannan da kyau, gama za a koma kansa a gaba.

4. Gurasa da Miya da Cuku

Kowace fiza hawa hawa take. Hawan ƙasa shi ne gurasa. Da farar fulawa ake yinta, watau garin alkama wanda aka cire wa dusa. Mafi yawan abin da ke cikin fulawa sitaci ne, sai furotin kaɗan. Yisti kuwa wata ƙanƙanuwar halitta ce mai rai, ba a ganin ɗayanta sai da madubin likita. In ta shiga kwaɓi sai ta ci ɗan sukarin da ke ciki, ta fitar da iska, iskar nan ce ke kumbura gurasa ta yi taushi. Gurasa tana ba da ƙarfi ƙwarai. Laifinta guda: dusar da aka cire tana da amfani. A cikinta ne ake samun mafi yawan bitamin B na alkama, da kuma harzar da ke taimakon hanji ya fitar da bayan gida ba wahala. Don haka gurasar da aka yi da garin alkama ɗungum, da dusarsa, ta fi ta farar fulawa amfani. Kaurin gurasa kuma abin lura ne. In ta yi kauri kalorinta ya ƙaru, balle irin wadda ake gasawa cikin faranti mai zurfi da aka shafa wa mai, ko wadda ake cusa wa cuku a gefenta.

Hawa na biyu miyar tumatir ce. Tumatir kusan duk ruwa ne, kalorinsa kaɗan ne. Yana da bitamin C, ko da yake wuta tana kashe wani sashe nasa. Yana kuma da wani sinadari mai ba shi jan launi, sunansa laikofin, wanda jiki ya fi sauƙin ɗauka in an dafa tumatir da ɗan mai. Sai dai masu kantuna sukan ƙara wa miyar nan gishiri, waɗansu har da sukari, don ta yi daɗi.

Hawa na uku shi ne cuku. Da madara ake yinsa: a sa mata abin da zai sa ta daskare, a tsiyaye ruwan, a tara gardin. Irin wanda ake sa wa fiza sunansa mozarela, fari ne, in ya ji wuta sai ya narke ya riƙa yauƙi kamar danƙo. A kewayen Napoli akwai masu yinsa da nonon wata irin bauna ta gida da suke kiwo, amma na kantunan kwali da nonon saniya ake yi. Sai an sami madara lita 8 zuwa 10 kafin a fitar da cuku kilo guda. Ashe cuku madara ce da aka tattara wuri ɗaya. Duk alherin da ke cikin madara yana nan a dunƙule: furotin mai kyau, da kalsiyam, da bitamin A. Amma man shanun da ke cikin madarar shi ma yana nan a dunƙule, ga kuma gishirin da aka ƙara wajen yinsa. Maiƙon dabba irin wannan, mai daskarewa in ya huce, in mutum ya yawaita cinsa shekara da shekaru, yakan taimaka wajen cushe hanyoyin jini, zuciya ta wahala.

5. Kayan Haɗi

Hawa na huɗu shi ne kayan haɗi, a nan ne kuma fiza ke bambanta da 'yar'uwarta. Ana iya kasa kayan nan kashi uku.

Kashi na farko kayan lambu ne. Tattasai yana da bitamin C mai yawa. In aka auna jan tattasai da lemon zaƙi nauyi ɗaya, tattasai ya fi lemo wannan bitamin. Albasa tana ƙara ƙamshi da ɗan harza. Akwai wata irin laimar kwaɗi da ake nomawa musamman domin ci, tana da bitamin B, ba ta da maiƙo. Wannan dabam take da wadda ke tsirowa a juji da damina, gama daga cikin na daji akwai masu kisa, kada yaro ya taɓa su. Alayyafo da ɗanyen tumatir da masara su ma akan sa su. Duk waɗannan suna ƙara wa fiza amfani, ba su ƙara mata kalori sai kaɗan. Abarba tana da bitamin C da ɗan sukari. Zaitun kuwa mansa mai kyau ne, amma cikin ruwan gishiri ake ajiye shi, don haka yakan zo da gishiri mai yawa.

Kashi na biyu shi ne nama da kifi waɗanda ba a sarrafa ba, kamar gasasshiyar tsokar kaza, ko niƙaƙƙen naman sa, ko kifi. Waɗannan suna ƙara furotin. Jan nama kuma yana ba da sinadarin ƙarfe, wanda rashinsa ke kawo ƙarancin jini da kasala. Tsokar kaza ba ta da kitse da yawa in an cire fatar.

Kashi na uku shi ne sarrafaffen nama, watau wanda aka niƙa da kitsensa, aka cuɗa da gishiri da kayan yaji da maganin hana ruɓa, aka dura cikin hanji ko wani abu mai kama da shi, aka shanya ko aka yi masa hayaƙi. Wanda aka fi sa wa fiza sunansa feferoni, ana yanka shi fale-fale kamar kwabo. A Turai da Amurka galibi da naman alade ake yinsa, ko a gauraya da na sa. A ƙasashen Musulmi da naman sa ko na kaza ake yi. Saboda haka Musulmin da ya je baƙuwar ƙasa sai ya tambaya kafin ya saya. Ko da wane nama aka yi shi, feferoni ya fi sauran kayan haɗi kitse da gishiri. Jan man nan da ake gani yana kwance bisa fiza, har ya jiƙe kwali, yawancinsa daga gare shi yake fitowa, da kuma cuku. A shekarar 2015 wata cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon na Faransa, ta bayyana cewa cin sarrafaffen nama kullum yana ƙara haɗarin ciwon dajin hanji. Ba a ce wanda ya ci sau ɗaya zai kamu ba. Yau da gobe ake tsoro.

Akwai wani abu kuma da ke ruɗin mutane. Mai saye yakan ga kore da ja da rawaya bisa fiza, ya ce ai ya ci kayan lambu. Amma in ya tsince tattasai da albasar da ke bisa yanki guda ya tara, da ƙyar su cika tafin hannunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce babban mutum ya ci kayan lambu da 'ya'yan itace giram 400 ko fiye kowace rana. Ashe na bisa fiza ado ne da ɗan taimako, ba su isa ba.

6. Lissafin Yanki Guda

Babbar fiza ta kanti faɗinta yakan kai inci 14, ana kuma yanka ta kashi 8. Ma'aikatar Gona ta Amurka ta auna irin wannan yanki, na fiza mai cuku kaɗai ba nama, ta ga nauyinsa giram 107 ne. Ga kimanin abin da ke cikinsa:

Sitaci da sukari, giram 36. A ninka da 4, kalori 144.
Furotin, giram 12. A ninka da 4, kalori 48.
Maiƙo, giram 10. A ninka da 9, kalori 90.

In aka haɗa 144 da 48 da 90 an sami 282. Sauran nauyin yankin yawancinsa ruwa ne, ruwa kuwa ba shi da kalori. A duba da kyau: maiƙo ya fi furotin ƙarancin nauyi, amma kalorinsa ya kusa ninka na furotin. Shi ya sa ɗan ƙarin cuku ko feferoni ke ɗaga lissafi nan da nan. Yankin da aka sa wa feferoni yakan kai kalori 310.

Yankin nan kuma yana da kalsiyam wajen miligiram 200. Yaro mai shekara 8 yana bukatar kamar miligiram 1,000 a rana, watau yanki guda ya ba shi kashi ɗaya cikin biyar. Wannan alheri ne babba ga ƙashi da haƙori.

Yaro mai shekara 10 yana bukatar kalori wajen 1,800 zuwa 2,000 a yini, gwargwadon girmansa da yawan motsinsa. Yanki uku sun ba shi kalori 846, kusan rabin abincin yininsa ke nan a zama guda. Fiza guda ɗungum kuwa, yanki 8, kalori 2,256 ce, ta wuce abin da yake bukata tun daga safe har dare. Ina sauran ke tafiya? Jiki ba ya zubar da shi. Yakan mai da shi kitse ya ajiye. In ajiyar nan ta yi ta ƙaruwa ba a taɓa ta, sai ƙiba ta zo, ƙiba mai yawa kuwa takan buɗe wa ciwon sukari da ciwon zuciya ƙofa.

Sau da yawa kuma ba a sayen fiza ita kaɗai, sai an haɗa da lemon kwalba. Gwangwani guda mai mililita 330 yakan ƙunshi sukari wajen giram 35, watau fiye da ƙaramin cokali 8, kalori 140. Ba furotin a ciki, ba bitamin, sai zaƙi mai cin haƙori.

7. Gishirin da Ba a Gani

Maiƙo ana ganinsa da ido. Gishiri kuwa ɓuya yake yi, shi ya sa ya fi wuyar sha'ani. A wuri huɗu yake ɓuya cikin fiza: cikin gurasa, da cikin miya, da cikin cuku, da cikin sarrafaffen nama ko zaitun. Kowane ɗaya kaɗan ne, amma in an tara sai ya yi yawa.

Jiki yana bukatar gishiri, amma ɗan kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, watau kamar ƙaramin cokalin shayi guda. Na yaro bai ma kai haka ba. To, yankin nan da aka auna yana da gishiri giram 1.6. Yanki uku sun zama giram 4.8. Mai feferoni kuwa kusan giram 2 ne kowane yanki, uku sun wuce giram 5. Ke nan yaron da ya ci yanki uku ya cinye gishirin babban mutum na yini guda, ban da wanda ya ci cikin abincin safe da na rana. Ƙishirwar da ke tashin mutum cikin dare bayan ya ci fiza, gishirin nan ne ke kiran ruwa.

Me gishiri ke yi in ya yi yawa? Yakan riƙe ruwa cikin jini, jini ya ƙaru, ya riƙa matsa wa hanyoyinsa da ƙarfi, kamar yadda ruwa ke matsa wa tiyo in an buɗe famfo duka. Wannan shi ne hawan jini. Ba ya ciwo da fari, mutum yakan yi shekaru da shi bai sani ba. Daga baya sai ya taɓa zuciya, ko ƙoda, ko ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Harshe kuwa abin da aka saba masa shi yake nema. Yaron da ya tashi da abinci mai gishiri da yawa, in ya girma sauran abinci lami zai ji shi. Wanda aka saba wa kaɗan kuwa kaɗan ɗin ya ishe shi.

8. Yara Biyu da Kwali Guda

A ce ga yara biyu, wa da ƙane, mahaifinsu ya kawo musu fiza. Wan ya zaɓi mai kaurin gurasa da ninkin cuku da feferoni, ya ci yanki huɗu, ya kora da lemon kwalba. Kalorinsa ya wuce 1,300, gishirinsa ya haura giram 7. Ƙanen kuwa ya zaɓi siririya mai kaza da tattasai da albasa, ya ci yanki biyu, ya haɗa da kwaɗon latas da tumatir da kokwamba, ya sha ruwa, ya ƙare da lemon zaƙi guda. Kalorinsa bai fi 700 ba, gishirinsa bai kai rabin na wansa ba, ga bitamin ya samu. Dukansu fiza suka ci, dukansu sun ƙoshi, amma abin da ya shiga jikinsu ba ɗaya ba ne.

Daga misalin nan ana iya fitar da ƙa'idodi kaɗan. A zaɓi siririyar gurasa. A yawaita kayan lambu, a rage sarrafaffen nama. Kada a nemi ƙarin cuku, wanda ke kai ya isa. A ci yanki ɗaya ko biyu, a raba saura da 'yan'uwa. A sha ruwa maimakon lemon kwalba. Waɗansu kantuna sukan rubuta yawan kalori da gishiri jikin takardarsu, yaron da ya iya karatu sai ya karanta wa iyayensa.

Sauran da ya rage kuma a kula da shi. Abinci mai nama da cuku ba a barinsa a fili fiye da sa'a biyu, in ana tsananin zafi ma sa'a guda, gama ƙwayoyin cuta suna saurin yaɗuwa cikinsa. A sa shi cikin firiji, in za a ci a ɗumama shi har ya yi zafi sosai. In ba firiji, kada a kwana da shi.

Ashe fiza tana da kowane irin abinci da jiki ke so, na ƙarfi da na gini da na tsaro, sai dai awonsu ne bai daidaita ba: maiƙo da gishiri sun yi yawa, ganye da harza sun yi kaɗan. Abincin marmari ce, ta ranar biki ko ranar baƙi, ba ta kullum ba. Yaron da bai taɓa cinta ba kuwa bai yi asarar kome ba. Tuwo da miyar ganye, da ɗan wake ko kifi, da nono, da 'ya'yan itace, suna ba shi duk abin da fiza za ta ba shi, da kuɗi kaɗan. Wanda kuma ya same ta, ya ci da lissafi, gama lafiya uwar jiki ce.

Tambayoyi

1. A wane birni aka fara yin fiza, su wa kuma suka fara cinta?
2. Faɗi ayyuka uku da abinci ke yi wa jiki.
3. Me ya sa gurasar da aka yi da dusarta ta fi ta farar fulawa amfani?
4. A waɗanne wurare huɗu gishiri ke ɓuya cikin fiza?
5. In yanki guda yana da gishiri giram 1.6, giram nawa ke cikin yanki 5?
6. Wani abinci yana da sitaci giram 20, da furotin giram 5, da maiƙo giram 8. Kalori nawa ke nan?
7. Rubuta abincin da aka ci jiya a gidanku, ka nuna wanda ke ba da ƙarfi, da wanda ke gina jiki, da wanda ke tsare shi daga cuta.